Wasiƙa zuwa Agadas

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali da su Hajiya. Shirunka ya yi tsawo, kuma na san zafin Agadas za ka ɗora wa laifi, amma yau labarin da ke bakina ba zai jira amsarka ba.

Ƙwayoyin ma'adinin zirkon da muka tace daga dutsen giranait na gefen Zariya sun dawo daga awo, kuma yadda yuraniyom ɗin cikinsu ya rikiɗe zuwa dalma ya nuna shekaru kusan miliyan 600, daidai da abin da aka sani game da dangin duwatsun da masanin duwatsu Falconer ya kira tsofaffin giranait tun 1911. Irin wannan dutse ba ya daskarewa sai a can ƙarƙashin ƙasa, zurfin kilomita masu yawa, don haka Kufena da muke hawa muna samari saiwa ce ta tsaunukan da ruwa da iska suka cinye. Sun taso ne lokacin da wani teku ya rufe, tsohon doron ƙasar Afirka ta Yamma ya yi karo da na gabashinsa, kamar yadda karon Indiya da Asiya ya ɗaga Himalaya. Jerin ya miƙe daga Hoggar ta Aljeriya, ya ratsa Azbin ɗinku da ƙasarmu, ya ci gaba har Borborema a arewa maso gabashin Brazil, domin a lokacin babu Tekun Atlantika a tsakani.

Abin da ke hana ni barci shi ne Anka da Maru da Birnin Gwari. A can ne ake da duwatsun da asalinsu laka da yashi ne da suka kwanta a ƙarƙashin ruwa kafin matsi ya nannaɗe su, kuma su ne za su raba gardama kan ko ƙananan tekuna ne suka rufe a wurin ko kuwa kwaruruka ne kawai a cikin doron ƙasa ɗaya. Zinariyar da ke cikin jijiyoyinsu ta jawo masu haƙa, rashin tsaro kuma ya sa babu malamin da zai kai ɗalibai dajin da guduma da taswira. Ɗalibanmu suna kammala karatu ba su taɓa dafa waɗannan duwatsu da hannu ba, wannan kuwa asara ce babba a ganina.

Saboda haka ina roƙonka, idan ka nufi arewa wajen Timiya, ka tsinto mini samfuri daga tsohon dutsen da ke shimfiɗe a ƙasa, ka rubuta ainihin wurin. Kada ka haɗa da na duwatsun nan na Azbin da suka jeru a kewaye kamar zobba, domin su daga baya suka ɓullo, 'yan'uwan na Jos ne masu kuza, ko da yake naku sun girme su nesa.

Ka gaishe mini da Hajiya da yara. Direban da ya kawo dabino bara zai iya riƙo saƙon.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya