Kafin ka ba dillali ko dala

Abijan, daren Lahadi

Assalamu alaikum ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da iyali baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna, da sauƙi? Ni nan lafiya lau, sai godiyar Allah, sai kuma kewar gida da kan taso mini duk lokacin da aka shiga kaka, in tuna tumu a bakin wuta da ƙamshin sabon hatsi. Na ji daɗin labarin damman da kuka ɗaure a gonar marigayi Baba. Allah ya sa albarka, ya kai rahama kabarinsa.

Saƙon muryarka na saurare shi sau uku. Da gangan na ƙi mayar maka ta murya, don maganar waya ana ji ne a wuce, gobe kowa ya ce ba haka ya ji ba. Shi ya sa na tashi daga aiki na ɗauko bik da takarda. Hotonta zai riga ta isowa, ita kanta kuma wani ɗan garinmu da zai taso wannan mako zai kawo muku. Ka zauna ka karanta wa Inna a tsanake, sannan a ninke a sa cikin akwatinta.

Maganar fili ita ce ta hana ni barci. Ka ce dillali ya nuna maka farsel, wato filin gina gida, can bayan unguwar Zariya ta Maradi, sefa miliyan 1 da jika 200, ya ce a ba da kuɗi cikin kwana uku don akwai wani alhaji da ke so, takarda kuma za ta fito daga baya. Ƙanena, wannan “daga baya” ɗin ne ban yarda da shi ba. Kullum akwai wani alhaji da ke so. In filin na gaskiya ne, kwana goma ba za su sa ya tashi sama ba, in kuwa ya tafi to dama ba rabonmu ba ne.

Ka san abin da idona ya gani a nan farkon shekarar 2024, lokacin da aka rushe unguwannin Gesco a Yopugon da Boribana a bakin ruwa. Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu da muke sallar asuba tare, ya fi shekara 20 a wurin. Na tarar da shi zaune kan katifarsa a bakin titi, tukwanen matarsa a kife gefe, ƙura ta yi masa fari fat har gira. Ya ciro wata leda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali, ya miƙo mini. Takardar kaye ce guda ɗaya, duk ta cinye a wurin ninki, wanda ya sayar masa da wurin ya rubuta da hannu, shi ma ya daɗe da rasuwa. Ya ce in duba masa ko za ta yi amfani. Wallahi kasa ba shi amsa na yi. Ban ce takarda tana tare katafila ba, amma mai takardar hukuma yana da bakin magana a gaban kowa, shi kuwa bawan Allahn nan ba shi da inda zai kai kuka. Tun ranar na yi wa kaina alkawari ba zan zuba guminmu a ƙasar da ba mu da shaidarta ba.

Don haka ga abin da za ka yi. Ka ce wa dillali ya haɗa ka da mai filin ido da ido, ya zo da akt de sesiyon, wato takardar mallakar fili ta hukuma, ainihinta, ba wadda aka buga a injin kwafi ba. A jikinta akwai sunan lotismar, wato yankin da aka yanka filayen, da lambar ilo, wato rukunin filayen, da lambar farsel. Ka kwafe su, ka tafi ofishin filaye na magajin gari da ƙafarka, kada ka aiki kowa, kada kuma ka bari dillalin ya raka ka. Ka roƙi a duba maka cikin rajista: sunan wa ke kan wannan lamba, kuma ya yi daidai da sunan da ke katin mai sayarwa? In ya ce filin na mahaifinsa ne da ya rasu, to maganar ta ƙara tsawo, sai an ga takardar gado daga kotu da yardar sauran magada, mazansu da matansu. Fili nawa aka saya a Maradi daga hannun ɗa guda, bayan an ja katanga ƴan'uwansa suka fito? Bayan haka ka ɗauki mai awo ya je ya nuna maka born huɗu, wato duwatsun iyaka, a ƙasa, don sau da yawa filin da aka nuna maka da yatsa daban, wanda ke cikin takarda daban. Kuɗi kuwa gaban noter, jami'in da ke shaida ciniki a hukumance, za a ƙirga su, a sa hannu, a biya abin da ake biya a juya suna. Na san za ka ce kashe kuɗi ne. E, kashe kuɗi ne, na kuma ware su. Titir fonsiye za mu nema daga baya in Allah ya hore, ita ce takardar da ta fi kowace ƙarfi, har banki na karɓarta jingina.

Sai kuma ruwa. Yanzu rani ya kama, kowane fili kyakkyawa ne. Amma kada ka manta abin da tsofaffi ke ba mu labari, yadda Gulbi ya ci tsohon gari a 1945 har aka tayar da Maradi daga fadama aka hau tudu. Kai kanka ka ga ruwan ƙarshen Agustan 2024, gidaje nawa suka kwanta. Ka zagaya wurin da yamma, ka dubi gindin katangun maƙwabta ko akwai zanen da ruwa ya bari, ka dubi inda yashi ya taru da inda ƙasa ta zaizaye. Ka sayi shayi wurin mai tebur na kusa, ka tambaye shi ta ina ruwa ke bi in an yi mamako. Shi ba shi da la'ada a ciki, gaskiya zai gaya maka.

Akwai maganar da ke da nauyi a bakina, amma gara in faɗe ta ina raye. Sunana za a sa a takardar, kada a ce “na gida ne”. Ba don ban yarda da kai ba, Allah shaida, da ban yarda da kai ba da ban bar maka uwata da matata da ƴaƴana ba. Ni da kai ba za mu taɓa yin faɗa kan ƙasa ba. Amma ƴaƴana da naka ba ciki ɗaya suka fito ba, kuma ba za su san wa ya yi gumin me ba. In Allah ya yarda fili na gaba naka ne, da sunanka, ni zan taimaka. Haka ma gonar Baba. Shekara huɗu ke nan muna cewa za a raba, ana jin kunyar juna. Kafin damina ka sami Kawu da mai gari da liman, a auna, a fitar wa Inna tumuninta, a ba ƙannenmu mata nasu kamar yadda Allah ya ce. Na san a ƙauyukanmu ƙasa ta yi ƙaranci har an saba danne rabon mata, a ce ai suna gidan miji. Ba na son mu ci wannan. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitin filaye, wanda ake ce wa Kofo, tun daga ƙauye har sama, aikinsu ke nan su ba da takardar shaida. In an raba, kowa ya karɓi tasa. Wadda ta ga dama ta bar maka ka noma, sai ta bar maka da bakinta, aro, a gaban shaidu.

Yanzu shago. Ka ce ciniki na tafiya amma kaya na raguwa, ba ka san inda kuɗin ke shiga ba. Ni na sani, don ciwon da na yi ne. Shekarata ta farko da rumfar garba, abincin aceke da kifi da ake ci a nan, tun asuba ina tsaye kan mai, ina soya kifin ton, ina auna aceke, wato dambun rogo, yaro na yanka albasa da tattasai, mutane layi har titi. Da dare aljihu ya cika, in ji kamar na yi arziki. Wannan ya zo in ba shi, wancan ya ci ya ce gobe, ni ma in zari na kati da na shayi. Wata shida, ranar nan na je sarin kifi bakin tashar jirgin ruwa na tarar kuɗin hannuna ba su kai na kwali ɗaya ba. Ba wanda ya sace mini. Uwar kuɗi na cinye da hannuna ina tsammani riba ce.

Abin da ya tashe ni kaye ne na dala 40 da gwangwani uku. Ka sayi naka gobe. Kowane dare kafin ka rufe, ka ƙirga abin da ya shigo, ka fara cire kuɗin kayan da suka fita ka sa a gwangwanin farko. Wannan na shago ne, ba naka ba ne, ba nawa ba ne, ko baƙo aka yi ba a taɓa shi. Abin da ya saura ka yanka wa kanka albashi tsayayye, ka sa a na biyu, sauran a na uku don ranar da ba a fata. In an aiko yaro daga gida ɗaukar sukari ko sabulu ko taliya, ka ba shi, amma ka rubuta, ƙarshen wata a biya daga kuɗin cefanen da nake turowa. Inna, ki gafarce ni, ba rowa ba ce, shagon ne nake so ya daɗe yana ciyar da ke. Bashi kuwa ba a hana shi a unguwa, wanda ya ce ba ya ba da bashi zai zauna shi kaɗai da kayansa. Sai dai kowa da shafinsa da iyakarsa, wanda bai biya na baya ba ba ya ɗaukar sabo, kuma ka karanta masa abin da ka rubuta tun yana tsaye.

In ka tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya sarin kaya, ka canza daidai abin da za ka kashe a ranar. Kada naira ta kwana a shago. Ka tuna yadda canjin takardun kuɗi na farkon 2023 ya bar mutane da tsofaffin naira a hannu suna neman mai karɓa, da yadda ta yi ta zubewa bayan nan. Jarinmu da sefa muke lissafa shi, da sefa za a ajiye.

Hatsi yanzu ne lokacinsa. Ka fara fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kafin a sa komai a rumbu. Sannan kada buƙatar yau ta sa ka kai sabon hatsi kasuwa yana arha, a dawo watan bakwai ana sayen tiya da tsada. Ka lissafa tiya nawa gidan ke ci a rana, ka ninka har zuwa wata kaka, abin da ya kasa ka cike shi yanzu. Waken kuma a sa shi cikin buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. A bari ya bushe ƙarau, a duba ledar ba huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da ɓera. Ba ya son ƙwayar magani ko ɗaya, rashin iska ke kashe ƙwaron. Abin da ke ɓata shi shi ne a riƙa buɗewa ana ɗiba, don haka na ci a ware shi gefe tun yanzu.

Uwar yarana ta gaya mini ta shiga asusun Mata Masu Dubara na unguwa, na kuma ji daɗi ƙwarai. Wannan tsari a ƙasar Maradi aka fara shi tun 1991, yau har nan bakin teku ana kwaikwayonsa. Zubin da take yi daga man gujiya da ƙuli-ƙulinta ne, jajayen awakinta biyu ma nata ne. Kada wanda ya ce ta ranto wa gida daga akwatin, ko kai ko ni. In ta ranta don ƙara jari, ita ta san yadda za ta biya.

Bikin Auta za mu yi shi daidai ƙarfinmu. Gado da katifa da kayan girki masu kyau, ba za a ci bashi don a cika ɗaki da kwanonin da ba za ta taɓa girki da su ba. Ka gaya wa Gwaggo ni na ce, ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Jika 300 da na turo shekaranjiya ga yadda suke: 120 na cikon hatsi da buhunan wake, 60 na cefane, 40 na makarantar yara, 30 a kai Inna likita a duba ƙafar nan da kyau, a daina sayen ƙwayoyi a tebur. Saura 50 na zirga-zirgar takardun fili ne da ladan mai awo. Kuɗin filin kansu suna nan hannuna, ranar da ka turo mini hoton akt ɗin da abin da aka gaya maka a ofis, ranar zan tura.

Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci ka ɗauki hoton shafin kayen ka turo mini, ko ba a yi cinikin kirki ba. Ka gaida Kawu da Gwaggo da liman da duk maƙwabta. Ka shafa mini kan yara, ka ce wa babban na ji labarin ya kai izu biyar, akwai tsarabarsa a hannun mai kawo takarda. In zai komo a ba shi aya tiya biyu da yajin Inna. Indararon ɗakinta na gabas da ya karye bara, a gyara shi tun yanzu da magina ba su da aiki.

Inna, a ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Yayanka