Amsar tambayarka kan karatun sikanin

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida ya yara, ya ƙarfin jikin Mama? Allah ya ƙara mata lafiya.

Na ga saƙonka kan ƙanwarmu da take son zuwa nan Amurka ta yi irin karatun sikanin da nake yi, na ce gara dai in zauna in rubuto maka don mu a waya ba ma gama magana sai hira ta kwashe mu. Abu na farko ka ce mata ta cire wa ranta cewa aikin nan shafa jel ne kawai a cikin mai juna biyu a nuna mata jariri ana ta murna. Akwai wannan kam, amma ɗan yanki ne, hanta da ƙoda da saifa da madaciya da jijiyoyin jinin wuya da na ƙafa duk namu ne, zuciya kuwa ma layinta daban ne.

Yawanci a nan shekara 2 ake yi a ƙananan kwalejoji, akwai masu yin digiri na shekara 4, akwai kuma gajeren kwas na wanda dama yana aikin asibiti. Sai dai kafin su ɗauke ta sai ta fara cin darussan share fage, sassan jikin mutum da yadda suke aiki, lissafi, fiziks, da kalmomin likitanci, kuma gurbin kaɗan ne don ba sa ɗaukar ɗalibai fiye da waɗanda za su iya samar wa wajen koyon aiki a asibiti. To a nan ne nake so ka buɗe ido sosai, duk makarantar da za ta nema a duba ko hukumar CAAHEP, mai tantance irin waɗannan kwasa-kwasan lafiya a nan Amurka, ta tantance kwas ɗin. Idan ba ta tantance ba, tana iya gamawa ta ga hanyar zama jarrabawar ARDMS, hukumar da ke ba masu aikin sikanin takardar shaidar ƙwarewa, ta yi mata nisa, kuma yawancin asibitoci wannan takardar suke tambaya kafin su kalli fuskarka. Jarrabawar biyu ce, akwai SPI wadda fiziks ce zalla da sanin inji, sannan ta fannin da ka zaɓa, ko ciki ko mata da haihuwa, haka dai.

Fiziks ɗin nan wallahi shi ke korar mutane. Kunnen mutum iyakarsa wajen kaɗawar sauti sau 20,000 a daƙiƙa, mu kuma injinmu miliyoyi yake yi, sautin ya shiga jiki ya bugi abu ya dawo kamar ka yi ihu a rijiya, injin ya lissafa zurfin daga lokacin da ya ɗauka, kuma shi a wajensa sauti na gudun mita 1540 ne a daƙiƙa cikin tsoka ko da ba haka abin yake ba a kitse ko ƙashi, shi ya sa wani lokaci yake zana maka abin da babu shi, dole ka san ƙaryarsa. In ka ƙara yawan kaɗawar hoto ya fito tas amma ba ya nisa, in ka rage ya yi nisa amma dishi-dishi. Jel ɗin ma ba ado ba ne, iska ce abokiyar gabar sautin, ko 'yar kaɗan ta shiga tsakanin fata da kan injin shi kenan ba ka ganin komai. Ja da shuɗin da kake gani a allo kuma ba wai jini mai kyau da marar kyau ba ne, alkibla ce kawai, wanda ke tahowa wajen kan injin da wanda ke tafiya. Wani abin dariya, malaminmu ya ce asalin abin ma a Gilasgo ta Sikotilan likita Ian Donald da injiniya Tom Brown sun faro ne daga injin da ake duba tsaga a jikin ƙarfe, suka fitar da sakamakonsu a 1958.

Amma ni abin da na fi so ta gane shi ne aikin a hannu yake. Hoton ƙashi ka saita mutum ka danna ya fito, wannan kuwa kai ne kake nemo hoton da kanka, abin da ba ka ɗauka ba likita bai gani ba, don shi hotunanka zai karanta ya rubuta sakamako. Misali a kawo maka mutum yana ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, an hana shi cin abinci tun dare don madaciyar ta cika, iska kuma ta ragu a hanji, ka ɗora kan injin ka ce ja numfashi ka riƙe, hanta ta sauko, sai ga madaciya baƙa ƙirin don ruwa baƙi yake fitowa, a cikinta wani ɗan farin abu da inuwa a bayansa. Ba za ka tsaya nan ba, sai ka ce ya juya gefen hagu, in abin ya gangara to tsakuwa ce, in ya tsaya cak a manne da bango to wata magana ce daban. Hannun dama na kan mara lafiya, na hagu na kan maɓallai, ido na allo, baki na lallashi, duk a lokaci ɗaya. A makaranta junanmu muke yi wa sikanin, yanzu na san ƙodar 'yan ajinmu fiye da sunayen iyayensu.

Sai kuma riƙe fuska, wannan babu littafin da zai koya mata. Mace na kwance tana kallon idonka tana cewa lafiya dai ko, kai kuma ka ga abin da ka gani, amma ba hurumin ka ba ne ka faɗa, na likita ne, ba kuma za ka yi mata ƙarya ba. Sai ka ce bari in gama ɗaukar hotunan likita zai yi miki bayani, muryarka kada ta yi rawa. Ranar da na fara ganin haka a wajen koyon aiki ban iya cin abincin dare ba.

Ka kuma gaya mata kafaɗa da wuyan hannu suna shan wahala, dannawa kake yi hannu a miƙe yini guda, tun yanzu ana ta yi mana faɗa kan yadda za mu zauna da yadda za mu matso da gado kusa. Zuwa asibitin nan kuma kusan cikakken aiki ne amma ba a biyan ɗalibi, ga karatu da dare, saboda haka maganar ta haɗa da wani aiki a gefe ku sake lissafi.

In duk ta ji wannan ba ta karaya ba to bismillah, ni dai ban yi nadama ba. Ta turo min sunayen makarantun da take dubawa in bincika mata tantancewarsu kafin ku biya ko sisi na fom, ta haɗo da sakamakonta na fiziks da lissafi in gani.

Ka gaishe min da madam da yara, ka ce wa Mama ina nan kiranta ranar Juma'a in Allah ya kai mu.

Naka har kullum.