Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Makama, Kano

Zuwa ga shugabanni da dukkan ma'aikatan Gidan Adana Kayan Tarihi na Gidan Makama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ranku ya daɗe, mun rubuto wannan wasiƙa ne a bainar jama'a domin mu gode muku. Mu marubuta ne da makaranta labaran soyayya, musamman irin waɗanda ake ɗora su a kan zamanin da: Kanon Rumfa, Kanon Dabo, lokacin basasar Kano, da shekarun shigowar Turawa. Irin wannan rubutu ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai marubuci ya san abin da mutanen labarinsa suke sawa, inda suke kwana, da abin da suke biya da shi a kasuwa. Wannan sani kuwa ku ne kuke riƙe mana da shi, kuna kuma buɗe shi ga duk wanda ya zo da tambaya.

Godiyarmu ta farko a kan ginin ne kansa. Gidan da aka gina tun ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa kafin ya hau gadon sarauta a 1463, yau ga shi a tsaye kusa da fada, mutum na shiga ya ɗaga kai ya ga rufin azara da idonsa. Nan take marubuci zai gane wani kuskure da ya zama ruwan dare a littattafanmu, wato a sa amarya cikin makeken ɗaki mai faɗi kamar falon zamani. Azara itacen giginya ce da aka tsaga, gara ba ta cinta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu ba tare da madogara ba. Shi ya sa ɗakin talaka yake ƙarami, shi ya sa kuma soro mai faɗi sai da ginshiƙi ko bakan gizo, inda magini ke jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har baka ya haɗu a tsakiya. Wanda ya iya wannan babban magini ne, kuma ba kowa ke iya biyansa ba. Saboda haka rufin ɗaki kaɗai ya isa ya gaya wa mai karatu ko 'yar wa ce jarumar, ba sai an ce ubanta attajiri ne ba.

Mun kuma san riƙon ginin ƙasa ba wasa ba ne. Tubali ba ya son ruwa ya kwanta masa. Indararo ɗaya ya toshe da damina, ruwa ya taru a rufi, sai ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta fara lanƙwasa. Dole a riƙa bin bango da yaɓe, a duba zanko, a toshe tsaga tun tana ƙarama. Magabata suna kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara. Duk wanda ya ga yadda gidajen ƙasa na cikin birni suke zubewa ana maye su da bulo zai san darajar hannayen da suka hana wannan gida bin sahunsu.

Cikin ɗakunan baje kaya, wanda ya fi yi mana amfani shi ne ɗakin amarya. A nan ne soyayyar labari take ƙarewa ko take farawa, a nan ne kuma aka fi yin shirme. Za ka karanta labarin da aka ce ya faru a zamanin Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, sai ga amarya da jeren kwanon samira da gadon ƙarfe, an kunna fitilar kananzir da ashana. Duk waɗannan kayan daga baya suka yaɗu, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kayan kanti suka fara cika kasuwa. Jeren wancan zamani ƙorai ne da tukwane da faifai da akushi, sai tasoshi ga mai hali. Hasken dare aci-balbal ce, mai da lagwani, tana ba da haske kaɗan da hayaƙi, ba ta isa ango ya ƙare wa fuskar amarya kallo daga bakin ƙofa ba. Sai ya matso. Kwalliya kuma tozali ne daga tandu, lalle da ake ƙunsawa a zura hannu cikin zunguru ya kwana, fure da goro domin haƙora, jigida, murjani, munduwa. Marubucin da ya tsaya a wannan ɗaki ya dubi yadda kaya suke cika wuri zai fita da shafi guda wanda tunani kaɗai ba zai ba shi ba.

Haka batun tufafi. Ɗakin sana'o'i yana tuna mana cewa masaƙa maza ƙyalle siriri suke fitarwa, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, sai maɗinki ya harhaɗa da yawa kafin riga ta fito. Kenan rigar da aka yi da hannu tana da layin ɗinki daga sama har ƙasa, kuma ba a gama ta a kwana biyu, balle idan za a yi mata aikin aska takwas. Idan saurayin labari zai yi wa gidan su yarinya bajinta, saƙi zai sa, ko tsamiya, ko kore wadda ta sha baba a karofi ta kuma sha bugu har tana ƙyalli. Ga wani abu da makaranta ke jin daɗinsa idan marubuci ya sani: zane yana fitowa daga rijiyar rini da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya koma shuɗi, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi duhu yadda ake so. Wanda aka buga da shuni kuma yana zuba a jiki. Mai sanye da shi wuyansa da yatsunsa sukan yi shuɗi, kuma a wancan lokaci wannan alamar wadata ce. Atamfa da leshi ba su da gurbi a lefen ƙarni na 19.

Sai kuɗi, inda marubuta da yawa suke sulluɓewa. Kafin sulallan Turawa, wuri ne kuɗin Kano. Ashirin hauya ce, ɗari zangu, dubu zambar, dubu ashirin kuma keso guda. Bature ɗan yawon buɗe ido Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ma'anar wannan ga labari ita ce sadaki mai kauri kaya ne da ake ɗauka a kai ko a jaki, a zauna a ƙirga shi a ƙasa, ba abin da waliyyi zai zaro daga aljihu ba. Wurin ƙirgar nan kaɗai fage ne na tsegumi da alfahari da jin kunya, amma sai wanda ya san da shi zai rubuta shi.

Muna yaba muku ƙwarai kan yadda kuka jera tarihi daki-daki, daga Bagauda, zuwa sarakunan Fulani, zuwa basasa, zuwa zamanin Turawa, domin jerin nan yana hana marubuci cakuɗa zamani da zamani. Sashen basasa kuwa taska ce ga mai neman labarin masoya da rikici ya raba. Sarki Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ƙarƙashin Yusufu suka fice zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci, ya shiga birni a 1894, aka kashe Tukur a 1895. Bello da Abdullahi dukansu 'ya'yan Dabo ne, don haka Tukurawa da Yusufawa 'yan gida ɗaya ne, da auratayya da barantaka da zumunci a tsakaninsu. Ba sai marubuci ya ƙirƙiro gaba tsakanin gida biyu ba, tarihi ya riga ya ajiye masa. Abin da ya rage masa shi ne ya kiyaye shekaru, kada kuma ya ɗora wa mutanen da suka rayu da gaske maganar da ba su faɗa ba, domin jikokinsu suna nan suna karatu.

Ƙyauren Ƙofar Kabuga da kuka adana shi ma yana gyara abubuwa biyu. Na ɗaya, ta nan sojojin Turawa suka shigo a Fabrairun 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Duk labarin da ya tsayar da shi a kan ganuwa ran nan ya saɓa. Na biyu, ganin ƙyauren yana tuna wa mutum cewa birni rufe shi ake yi da dare, kowace ƙofa da sarkinta. Masoyan da za su gudu ba za su fice da tsakar dare haka kawai ba. Taswirar ganuwa kuma tana nuna wace ƙofa ce take fuskantar ina, ta hana a fitar da ayarin fatake ta Sabuwar Ƙofa, wadda ba a huda ta ba sai zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Su kuwa fataken goro da ke zuwa Gwanja watanni suke yi a hanya, daga zango zuwa zango ƙarƙashin madugu, don haka yarinyar da saurayinta ya bi ayari ba jiran mako biyu take yi ba, kuma ba wasiƙa za ta samu ba, sai dai saƙon baki daga wani da ya riga shi dawowa.

A ɗakin kayan kiɗa ana koyon wa ake yi wa me. Tambari da kakaki na sarki ne, ba a buga su a bikin ɗan kasuwa komai dukiyarsa. Kalangu na mahauta ne da dandali, shantu na mata ne a cikin gida.

Ga 'yan uwanmu marubuta da za su je, a fara tsayar da shekarar labari tun daga gida, domin ita ce za ta nuna ɗakin da za a daɗe a ciki. A tafi da littafin rubutu da jerin tambayoyi, a bi mai zagayawa da baƙi maimakon a yi gaba shi kaɗai, a tambayi sunan kowane abu da wanda ke amfani da shi, mace ko namiji, bawa ko ɗa, attajiri ko talaka. A nemi izini kafin ɗaukar hoto, kada a taɓa kaya, domin gumin hannu da hasken kyamara mai walƙiya suna cin tsohon zane da fata da takarda. Abin da aka ji a baki kuma a gwada shi da rubutaccen tarihi kafin ya shiga littafi.

Ga masu zagayawa da baƙi, masu shara, masu gadi, maginan da ke bin bango, da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da wannan gida ke ƙarƙashinta, mun gode. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da haƙuri da masu yawan tambaya, ya kare gidan daga ruwa da wuta da gara.

Wassalam.

Naku,
Wasu marubuta da makaranta labaran soyayya na tarihi,
Kano.