Haruna, maganar fitilun jirginka

Assalamu alaikum Haruna, ya gida ya aiki, ya su yara. Na ga hotunan kwale-kwalen da ka saya wanda ka turo wa Ummanku, masha Allah, Allah ya sa alheri ya tsare. Ita dai fentin take ta yabawa, ni kuma ka san halina, sai da na karɓi wayar na jawo hoton kusa na duba gaba na duba baya, ban ga jar fitila ba ban ga koriya ba. Abin da na gani shi ne wannan shuɗiyar fitila mai kamar igiya da ka zagaye jirgin da ita, sai wata fara a kan ɗan guntun sanda kusa da inji. Kuma ka ce mata har bayan magariba kuke kaiwa a ruwa. Toh shi ya sa na zauna rubuta maka wannan, don a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana.

Abin da yawancin sababbin masu jirgi ba su gane ba, fitilun nan ba don ka ga hanya aka yi su ba, ba fitilar mota ba ce. Don wani ya ganka ne, kuma ganin ma ba shi kaɗai ba, ya karanta ka, ya san ina ka dosa tun kana nesa. A ruwa da dare babu layi babu kwalta babu birki, wanda ke tahowa ba ya ganin jikin jirginka sam, launi kawai yake gani yana yawo cikin duhu, da shi zai yanke shawarar ko ya kauce dama ko ya riƙe hanyarsa.

Dokar ba sabuwa ba ce. Hukumar jiragen ruwa ta duniya, IMO, ita ta fitar da ƙa'idojin hana karo a teku a 1972, suka fara aiki a 1977, masu jirgi suna ce musu COLREG. Ta ce daga faɗuwar rana zuwa fitowarta dole fitilu su kasance a kunne, haka da rana tsaka idan hazo ko ruwan sama ya rufe gani. Kore a gefen dama, ja a gefen hagu, in kana tsaye cikin jirgin kana kallon gaba. Kowacce tana haska digiri 112.5, daga saitin goshin jirgi ta zagayo har ta ɗan wuce kafaɗarka zuwa baya, a nan take yankewa. Sai fara ta baya mai digiri 135, ka haɗa ukun ka ga 360 cif, wato duk inda mutum yake a kewayenka akwai launin da ke gaya masa wane ɓangarenka yake kallo. Sannan akwai fara ta sama mai kallon gaba, digiri 225, ita ce ke cewa wannan jirgi mai inji ne.

Kai da jirginka bai kai mita 12 ba an yi maka sauƙi, maimakon farare biyu kana iya saka guda ɗaya tak mai haska ko'ina, tare da ja da kore, kuma ja da koren ma an yarda su zama cikin gida ɗaya a tsakiyar goshin jirgi. Farar a hango ta daga mil 2 na ruwa, ja da kore daga mil 1, mil ɗin ruwa kuwa mita 1,852 ne.

Na san abin da za ka ce min, don na san wani ya riga ya faɗa maka, wai ƙaramin jirgi da bai kai mita 7 ba farar fitila ɗaya ta ishe shi. Rabin magana aka ba ka. Sharaɗi biyu ne a haɗe, tsawo ƙasa da mita 7, sannan iyakar gudun jirgin kada ya wuce not 7, wajen kilomita 13 a awa kenan. Kuma iyakar abin da jirgin zai iya ake nufi, ba wai ka ce ai a hankali kake tafiya da dare ba. Kai da ka ɗora inji mai doki 40 a jirgi mita biyar da rabi, kana murɗa shi kaɗan ka wuce nan, don haka wannan rangwamen ba naka ba ne. Ko waɗanda ya shafa ma dokar cewa ta yi su saka ja da kore in da hali.

Yanzu sandan nan naka. Farar fitila dole ta ɗara ja da kore tsawo da aƙalla mita 1, kuma kar ka ɗauka ƙa'idar takarda ce kawai, ni a jikina na koya. Kana ƙarami lokacin, ba za ka tuna ba. Ina dawowa da dare ni da wani abokina, sandan fitilata gajere kamar naka, ni kuma ina zaune daidai gabansa riƙe da hannun inji, ashe bayana ya tare hasken gaba ɗaya daga gaba, ga shi ta gaban mai ja da kore wayarta ta yi tsatsa ta mutu ban sani ba, don daga inda nake zaune ba na ganinta. Ga hasken farar yana dukan cikin jirgin yana dawo min a ido, ba na ganin komai sai ƙafafuna da jarkar mai. Ƙarar inji kawai muka ji, kafin in juya wani jirgi da ya ninka namu ya dallare mu da fitila ya karkata da ƙyar, igiyar ruwansa ta zubo mana har gwiwa, batir ya jiƙe inji ya mutu. Direban ya zazzaga min abin da ba zan rubuta ba kuma wallahi ban ce uffan ba don gaskiyarsa ce, a wurinsa babu kowa a ruwan. Da filafili muka ƙarasa, abokin nan nawa bai sake shiga jirgina ba.

Toh ka ɗaga sandan ya wuce kanka ya wuce rumfa, in hasken na damunka a saka ɗan faranti a ƙarƙashinta ya tare wanda ke zubowa cikin jirgi. Ido yana ɗaukar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu sosai, kallon waya sau ɗaya kuma ya ɓata shi.

Shuɗiyar nan kuwa, kashe ta in kana tafiya. Doka ta hana kunna duk wata fitila da za a iya ɗauka ta hanya ce, ko ta dusashe na hanyar, ko ta hana ka gani da kyau. Daga nesa a kan ruwa shuɗi da kore ba su da wani bambanci, mutum yana hagunka ya ga kamar kore ya ɗauka damanka yake, ka ga ka yi masa ƙarya kenan. Ban da haka a ƙasashe da yawa shuɗiya mai walƙiya ta jiragen hukuma ce. Haka babbar tocila, ka riƙe ta don duba gaɓa ko wani abu a ruwa amma kar ka haska fuskar direban wani. Kuma dan Allah ka sayi fitilun da aka yi don jirgi masu shaidar hukuma, kar yaron wayarin ya liƙa maka jan LED da kore ya ce ai duk ɗaya ne, ba ɗaya ba ne, na ainihin an yanke musu kusurwa, waɗancan kuwa ko'ina suke watsuwa har mutum ya ga ja da kore tare alhali kana ba shi gefe. In an gama ka tsaya da kanka ka tabbatar ba a juya su ba, ja hagu kore dama, na taɓa ganin wanda aka juya wa ya yi wata guda bai lura ba.

Karanta na wasu kuma ba wuya. Ka ga ja da kore tare da fara a sama, kai tsaye yake tahowa, kowa ya karkata damansa ku wuce ja da ja. Ka ga ja yana ratsowa daga damanka, kai ne mai kaucewa, rage gudu ka bi ta bayansa, kuma ka yi da wuri yadda zai gane. Ka ga kore tare da fara a sama daga hagu hanya taka ce, ka riƙe saitinka da gudunka amma idonka na kansa, ba kowa ya san dokar ba. Fara ita kaɗai ce mai rikitarwa, ko bayan jirgi kake bi, ko ya jefa anka yana tsaye, ko ƙaramin kwale-kwale ne mai filafili ya ɗaga tocila, don su abin da doka ta nema musu kenan. Kowanne ne ka ba shi fili.

In kai ka jefa anka, kashe ja da kore ka bar farar kaɗai. An ɗauke wa jirgi ƙasa da mita 7 wannan in yana nesa da hanyar jirage, ni dai ina kunnawa, LED ba ta cin batir.

Abu na ƙarshe, koguna da tafkuna da tashoshi kowace ƙasa tana iya ƙara nata ƙa'idojin a kan na duniya, ka je ofishin hukumar ruwan da kake shiga ka tambaya. Ka ajiye fis da kwan fitila na canji da tocila mai batir a leda. Kafin ka kwance igiya ka kunna ka sauka ka zagaya ka gani da idonka. In an gyara ka ɗauko min hoto da dare daga gaba, fitilu a kunne kai kana zaune a wurin tuƙi, ina so in ga farar a saman kanka. Kafin nan kar ka ɗauki yaran nan bayan la'asar. Ummanku na gaishe ka, ta ce wai kar in cika maka surutu.

Babanka