Yayana ba zomo ba ne: ƙorafi kan shirinku na lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne game da shirinku na Asabar uku da suka wuce, inda baƙonku ya shafe rabin sa'a yana kambama ƙwayoyin ƙarin kuzari, har ya ce bincike ya tabbatar suna hana jini daskarewa bayan an buɗe jijiyar zuciya da ta toshe. Sai can a ƙarshe, a gurguje, ya ambata cewa a kan zomaye aka yi gwajin, mai gabatarwa kuwa bai ce masa uffan ba.

Yayana na cikin masu sauraro. Bara aka yi masa aiki a Alƙahira, aka zura masa 'yar ragar ƙarfe a jijiya, aka ɗora shi a kan asfirin da Plavix, magungunan hana jini daskarewa, tare da kashedin kada ya tsallake ko kwana guda. Da ma ya gaji da tsadar maganin, da kuma jinin da dasashinsa ke yi duk lokacin da ya yi asuwaki, saboda haka washegari ya aiki ɗansa kemis ya sayo kwalbar ajinin (arginine), ƙwayar ƙarin kuzarin da baƙon ya kambama, ya tura maganin likita ƙarƙashin katifa ba tare da sanin kowa ba. Kwana tara bayan haka, da asuba, muka kwashe shi yana dafe da ƙirji, zufa ta jiƙe masa riga sharkaf. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe ragar. Allah ya yi da sauran kwana a gaba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne an faɗi rabin magana aka haɗiye rabi. Gaskiya ne ajinin ya rage kaurin bangon jijiya a zomayen da aka yi wa aiki, amma da likitocin Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gwada shi a kan mutum 153 da suka yi bugun zuciya, shida daga cikin masu shansa suka rasu, babu ko ɗaya a ɓangaren da aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, aka dakatar da gwajin, aka buga sakamakon a 2006. In kuwa dabba ce hujja, me ya hana baƙon faɗin cewa a 2016 masu bincike a Cleveland sun ba ɓeraye sinadarin kolin, wanda shi ma ake sayarwa a kwalba, jininsu ya fi saurin daskarewa a jijiyar wuya da aka yi wa rauni?

Ina neman ku gayyato likitan zuciya ya warware wannan magana a daidai lokacin da kuka yaɗa ta. Sannan ku gyara layin wayarku, domin sau bakwai na kira a ranar, ko sau ɗaya bai shiga ba.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya