Siraran bututun da ke haɗa ƙwayoyin cutar daji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna jan hankalin ɗaliban kimiyya na Garwa da Marwa kan siraran bututun da ƙwayoyin cutar daji (wato ƙwayoyin halittar jiki da suka zama daji) ke miƙa wa juna, har su tura mitokondiriya, sassan da ke samar wa ƙwayar halitta kuzari, ta ciki. An fara bayyana irinsu a 2004. Kaurinsu kan kai nanomita 50 zuwa 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma a rataye suke, ba sa taɓa gindin farantin da ake renon ƙwayoyin a ciki. Shi ya sa wankewa da ƙarfi, girgiza ko yawan hasken leza ke tsinka su.

Don a gan su ba tare da sun tsinke ba, a ɗiga farafomaldehaid (sinadarin da ke daskarar da ƙwayoyin yadda suke) kashi 4 cikin 100 ta gefen farantin, sannu a hankali. A rina aktin, furotin ɗin da ke cikin bututun, da rinin faloidin, a ɗauki hoto hawa-hawa da madubin konfokal, na'urar ƙara girman abu mai aiki da leza. Wanda ya duba gindin farantin kaɗai, ba bututun zai ƙirga ba, sai filopodiya, wato siraran tsirai da ƙwayoyin ke fitarwa.

Wasu ma'aikatan ɗakin gwaji,
Garwa, Kamaru