Barka da Sallah daga Lisbon

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina yi muku barka da Sallah. Allah Ya maimaita mana, Ya karɓi ibada, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Mu ma nan mun sauko idi lafiya. A babban masallacin Lisbon, babban birnin Fotugal, na yi, wanda aka buɗe tun 1985, kuma yau cika ya yi maƙil da 'yan Gini Bisau da 'yan Mozambik da 'yan Bangladash da mu tsiraru. Da na dawo ɗaki na zauna, sai na ga wayar minti biyar ba za ta ɗauki abin da ke raina ba, shi ya sa na zauna rubutu. Auta ta karanta muku a tsanake, kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Maganar hoton nan ce. Yaya ya gaya mini an nuna muku shi, ina tsaye a tsakanin gangunan katako, kuma Baba ya duba ya miƙa wayar bai ce komai ba. Na san wannan shirun. Gangunan na giya ne, ba zan ɓoye muku ba. Amma ku ba ni dama in faro labarin ranar daga safiyarta, sannan ku yi mini hukunci.

Ranar Asabar da ta wuce abokan aikina suka shirya fita yini guda zuwa bakin teku. Mu biyar ne a mota ɗaya. Sun sha gayyatata ina ba da uzuri, wannan karon na tuna faɗan Inna cewa daga aiki sai ɗaki ba rayuwa ba ce, na ce to. Muka haye kogin Tejo ta gadar Vasco da Gama, wadda aka buɗe a 1998, tsawonta ya haura kilomita 12, mutum yana kai ya daina ganin inda ya faro. Kafin awa guda mun isa Setubal, garin masunta da ke kudu da Lisbon da kusan kilomita 50.

Kasuwar Livramento muka fara shiga. Ginin tun 1930 yake, bangon ciki an lulluɓe shi da tayil fari da shuɗi mai zanen masunta da manoma da masu kwasar gishiri. Inna, da kin gani da kin tsaya. Kifi jere a kan ƙanƙara, idonsa garau, alamar bai daɗe da barin ruwa ba. Ga sardin, wanda yanzu ne lokacinsa, ga wani ɗan ja mai gemu biyu a haɓa, ga wani dogo siriri da suke kira kifin takobi, ya kusa tsawon hannun mutum biyu. Matan da ke sayarwa suna fere shi da wuƙa suna hira, ko kallon hannunsu ba sa yi.

Daga nan muka shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa inda kogin Sado yake haɗuwa da teku. A wannan mashigin akwai wani garken dolfin da bai kai arba'in ba, zaune suke a wurin rani da damina, ba sa ƙaura. Siffarsu ta kifi ce amma ba kifi ba ne: iska suke shaƙa ta wata ƙofa a saman kai, haihuwa suke yi, uwa tana shayar da ɗanta nono. Masu kula da su sun san kowanne da tabon da ke jikin fiffiken bayansa, har suna suka sa musu. Tun 1980 aka keɓe yankin, kuma doka ta hana jirgi ya matsa musu ko ya daɗe a kansu. Mun fi rabin awa ba mu ga komai ba sai ruwa. Can sai matuƙin ya rage wuta ya nuna da hannu. Bayansu ya ɓullo, uku, sai biyar, ɗan ƙarami manne a gefen uwarsa, ta nutse ya nutse, ta taso ya taso. Numfashinsu ake ji, fuu, kamar mutum ya sauke kaya. Ban san lokacin da na fara tasbihi a bayyane ba. A tsallaken ruwan akwai tsirin yashi mai suna Troia, inda har yau ake ganin ramukan da Rumawa suke jiƙa kifi da gishiri kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

Yanzu abinci, don na san nan ne hankalin Inna yake. Abin da aka san Setubal da shi sunansa choco frito. Wata halittar teku ce mai hannuwa goma, ba ta da ƙaya sai wani farin ɓawo a ciki, idan ta tsorata ta feso baƙin ruwa kamar tawada. Ana yanka naman dogo dogo, a shafa gari, a soya, a kawo da dankali da lemon tsami. Ban yi shakkar halaccinta ba, domin Baba ne ya karantar da mu hadisin teku, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne. Inda hatsarin yake shi ne hannun mai girki, don a ƙasar nan wasu sukan jiƙa nama ko kifi da farar giya kafin su ɗora. Na tashi na je har ƙofar kicin na tambaya. Matar ta share hannu ta lissafa mini da yatsu: tafarnuwa, gishiri, ganyen ƙamshi, lemon tsami, gari. Ta kuma ja mini kunne kan wani kwano na ƙananan dodon koɗin teku da abokaina suka sa a kawo, ta ce wannan da giya aka dafa, da wani kuma da aka haɗa da naman alade. Na ci nawa na ƙoshi, har da gasasshen sardin biyu a kan burodi. Naman choco fari ne, da ɗan tauri kaɗan, ba ƙarni. Inna ki kwantar da hankalinki, ina cin abinci.

Bayan nan muka hau dutsen Arrabida. Hanya ce mai kwana da yawa, dutse a dama, teku can ƙasa a hagu. Tsayin dutsen kusan mita 500 ne, na farar ƙasa, kuma tun 1976 yake ƙarƙashin kariyar hukuma. Ruwan da ke gindinsa kore ne garau, ana hango duwatsun ƙasa, ga sanyi mai ratsa ƙashi ko da rana ta take. A ƙirjin dutsen akwai wasu fararen ɗakuna na masu zuhudu Kiristoci, da aka kafa a 1542.

Baba, ga abin da na fi so ku ji. Sunan Arrabida daga Larabci ya samo asali, daga kalmar nan da kuka sani, ribaɗi, wato wurin zaman tsaron iyaka da ibada. Musulmi sun riƙe wannan yanki ɗaruruwan shekaru. Lisbon ta fita hannunsu a 1147, garin Alcacer do Sal da ke saman kogin Sado kuma sai 1217, shi ma sunansa daga Larabci ne, alƙasar, wato fada mai ganuwa. Ƙauyen da ke bayan dutsen, Azeitao, daga zaitun. Mutanen wurin suna faɗin sunayen nan kullum, yawancinsu ba su damu da asalinsu ba, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Na samu wuri na shimfiɗa rigar sanyina na yi Azahar, na fuskanci gabas, teku a damata. Na daɗe a zaune bayan sallama ina tunanin mutanen da suka taɓa yin kabbara a kan wannan dutse suna tsaron gaɓar nan.

A Azeitao muka sayi cukunsu na madarar tumaki. Abin da ya burge ni, ba da wani abu daga cikin dabba ake daskarar da madarar ba, da furen wata ƙaya ne mai launin shunayya. Cikinsa laushi ne, ana yanke saman a ɗiba da cokali. A garin ne kuma gidan giyar Jose Maria da Fonseca yake, wanda aka kafa a 1834, muka wuce ta ƙofarsa. Abokaina wata ƙaramar gonar inabi ta iyali suka nufa, wajen garin Palmela. Tun a mota na san da wannan zango, kuma tun a mota na gaya musu iyakata.

Mai gonar dattijo ne, hannunsa duk kanta. Ya zagaya da mu cikin kunyoyin inabi, ƙasar yashi ce zalla, 'ya'yan har yanzu ƙanana ne kore, sai ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba ake tsinka. A gefen gonar akwai wasu itatuwa da aka saɓule wa ɓawo daga gindi zuwa ƙirji, jikin ja wur, an rubuta lamba da farin fenti. Da ɓawon ake yin toshiyar kwalba. Itacen sai ya kai kusan shekara 25 kafin a fara saɓule shi, daga nan kuma sai bayan kowace shekara tara, lambar ita ce ta shekarar da aka yi na ƙarshe. Fotugal ce ke samar da kusan rabin wannan ɓawo a duniya. Dattijon ya ce wanda ya dasa ba shi ke cin moriya ba.

Sai ya shigar da mu ɗakin ganguna. Nan aka ɗauki hoton. Wuri ne mai duhu da sanyi da wari mai nauyi. Ya bayyana yadda ake yin abin da yankin ya yi suna da shi, Moscatel: ana matse inabi, ruwan ya fara tsami, sai a zuba masa barasa mai ƙarfi don a tsayar da shi tun da sauran zaƙi, a bar ɓawon inabin a ciki watanni, sannan a zuba a ganga shekaru. Ƙarfinsa yakan kai kashi 17 cikin ɗari, wato ba abin wasa ba ne. Ya ba da labarin yadda a da ake loda ganguna a jirgin ruwa zuwa Barazil, waɗanda ba a sayar ba su dawo, a tarar zafi da girgizar tafiya sun canja su. Na saurara kamar yadda zan saurari kowane mai sana'a.

Da aka zo teburin ɗanɗano, aka jera kofunan gilashi, na ce ni a nan na tsaya. Ban ɗaga murya ba, ban yi wa kowa wa'azi ba. Na ce addinina ya hana ni sha, ya kuma hana ni zama a teburin da ake sha. Ɗaya daga cikin abokaina ya fara cewa ai ɗan kaɗan ne, ana ma iya tofarwa, sai babbanmu a wurin aiki ya dafa kafaɗarsa ya yi shiru. Na fita tsakar gida. Ta taga ina ganinsu: a zuba ɗan kaɗan, a ɗaga kofi a duba launi, a juya shi, a sa hanci, a kurɓa, mai tuƙa mu kuwa yana tofarwa a wani bokiti saboda doka da hanya. Sun yi kusan awa guda a haka.

La'asar ta yi, ina neman ruwa. Matar dattijon ta fito ta gan ni, na yi mata nuni da hannu da fuska. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta kai ni famfon da suke ban ruwa, ta koma ciki ta ɗauko sabon tawul da wata tabarma, ta kore karensu ta ɗaure, ta nuna mini inuwar wani zaitun. Na yi sallata a nan, tsakanin kunyoyi. Da na idar na tarar ta ajiye mini ruwan sanyi da lemo da wani naɗaɗɗen kek na ƙwai da kirfa da ake yi a Azeitao, ta ce ba komai a cikinsa sai ƙwai da sukari da ɗan gari. Muka zauna, Fotugisancina guntu guntu, ta tambaye ni ko iyayena suna raye. Na ce suna raye. Ta ce ɗanta ma yana Faransa yana aikin gini, shekara shida, sau ɗaya yake zuwa a shekara. Ta riƙe hannunta a ƙirji ta ce in riƙa kiran uwata.

Wannan shi ne abin da ya faru, ban rage ba ban ƙara ba. Ko ɗigo bai taɓa bakina ba, ban saya ba, ban ɗauko wa kowa kwalba ba, Allah ne shaidata. Abin da ya rage a zuciyata shi ne shigar da na yi ɗakin gangunan. A lokacin na ɗauke ta kallon sana'a, amma tun da Yaya ya gaya mini shirun Baba nake juya ta. Baba, kun fi ni sani. Idan kun ga shigar ma ba ta dace ba, ku faɗa mini kai tsaye, na yi istigfari kuma ba zan sake ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in yi rayuwar da sai na ɓoye muku rabinta.

Mun kamo hanyar gida rana ba ta faɗi ba, don a wannan lokaci sai wajen ƙarfe tara na dare ake Magariba. Na tsinto wa Auta ɓawon koɗi guda bakwai a bakin ruwa, na saya wa Inna ƙaramar jaka ta ɓawon itacen nan, mara nauyi kuma ruwa ba ya ratsa ta. Suna nan a ajiye sai an samu mai zuwa.

A gaishe mini da Kaka, a gaya mata ina nan da addu'ar da ta ba ni. A gaida Kawu da Goggo da Yaya da iyalinsa da duk wanda ya tambaye ni. Gobe bayan sallar Isha'inku zan kira, Baba don Allah ku kasance kusa da wayar.

Wassalam,
Ɗanku